Maginin da Ya Ƙi Zubar da Dutse

Kafin rana ta yi ƙarfi a Jidda, Mu'allim Abduljalil, babban magini, ya riga ya sauka daga motar da ke ɗauko shi daga unguwar Kurayyat, ya biya wajen mai tamis ya karɓi gurasarsa da zafinta, ya shige tsofaffin lungunan da ke tsakanin unguwannin Bagdadiyya da Balad. Ba da guduma yake fara aiki ba. Bokiti yake ɗauka da tsintsiyar kaba, ya bi bangon da ya yaɓe jiya yana yayyafa masa ruwa a hankali, kamar mai lallashin majinyaci ya sha kunu. Farar ƙasar da aka gina tsofaffin gidajen Jidda da ita, wadda magina ke kira nura, ba ta son a bar ta ta bushe da gaggawa. In rana ta ƙwace mata ruwa kafin ta kama, sai ta tsattsage. Don haka safe da yamma yana shayar da bango. In ya gama sai ya ɗora tafin hannunsa a jikin dutse, wani lokaci ya lakato farin gari da yatsa ya ɗanɗana. Gishiri yake nema, don gishiri ne ciwon gidajen bakin teku. Masu shaguna sun daɗe da sabawa. Sai dai su ce, "Mu'allim, yau miyar ta ji gishiri?" Shi kuma ya ce, "Ta fi ta gidanka."

A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi mahaifiyarsa Rahma. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ya sauke farali, ya zauna. Abduljalil ya shiga gini tun kafin gemu ya fito masa, kuma yanzu ya haura saba'in. A watan da ya wuce ya ajiye cokalin gini, bayan likita ya gaya masa kafaɗarsa ta dama ta gama nata aikin. Ba a yi masa taro ba. Ya wanke kayansa, ya ɗaure su a buhu, ya hau motar Kurayyat kamar kullum.

Waɗanda suka zauna da shi, kowa da abin da idonsa ya gani. Badr mai shagon turare yakan ba da labarin wani mai gida da ya ce wa Mu'allim ya toshe wata tsaga ya bi ta da fenti, don masu haya za su tare a ƙarshen wata. Mu'allim ya zura hannu a tsagar, hannun ya shige har gwiwa. Bai yi gardama ba. Ya zauna a bakin ƙofa har mai hayar ya zo duba gida da iyalinsa, ya yi masa sallama, ya kama hannunsa ya zura masa a cikin tsagar. Mai gidan bai sake kiransa aiki ba, 'yan'uwan mai gidan ma haka. Amma abin da ya sa aka ɗauki alƙalami a kansa yau shi ne aikinsa na ƙarshe, aikin da ya ƙarasa masa kafaɗa.

Akwai wani lungu a gefen Bagdadiyya da mazaunansa ke kira Lungun 'Yan Garuwa, ko da yake ba za ka ga sunan a taswira ba. A tsakiyarsa akwai sabil, wato wurin shan ruwa na sadaka a bakin hanya: bango ne mai kauri da aka yi wa gurbi biyar, kowane gurbi da randarsa da moɗa. Tsofaffin lungun suna cewa a shekarar da yaƙi ya kewaye Jidda, kusan shekara ɗari ke nan, ruwa ya yi wuya a cikin gari. 'Yan garuwa, waɗanda da yawansu mutanenmu ne, su ne ke fita bayan ganuwa su ɗebo, sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo. Wata safiya biyar suka fita tare ba su dawo ba. Ba sojoji ba ne, ba su ɗauki bindigar kowa ba, kuma har yau ba wanda ya san harsashin wane ɓangare ya same su.

Huɗu daga cikinsu suna da mata. Da ƙura ta lafa, matan suka tafi bakin tafkin da ake sarar dutsen teku, kowace ta naɗa gammo ta ɗauko dutse guda a ka, magini ya ɗora shi a saman gurbin mijinta. Na biyar ɗin baƙo ne, alhajin da bai daɗe da zuwa ba, ba mata ba dangi, Bagobiri kawai ake ce masa. Nasa dutsen su huɗu suka tallabo a cikin zane. Ba su rubuta komai a bangon ba. Al'adar da suka bari ita ce, duk wanda ya cika randa sai ya ambaci sunan mai gurbin, ya roƙa masa rahama.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo gari, mutanen lungun suka haɗa hannu suka lulluɓe sabilin da siminti, suka bi shi da koren fenti. Don ƙauna suka yi, a ganinsu sun saya masa riga. Amma dutsen teku yana numfashi, yana fitar da gishirinsa kamar gumi, kuma da aka toshe masa jiki sai gishirin ya koma yana cinsa ta ciki. Bara bangon ya yi ciki, ya ranƙwafo kan hanya. Hukuma ta zo ta kewaye shi da igiya, ta ce ko a gyara ko a sauke kafin ya faɗa wa wani. Gaskiyarta ce.

Hajiya Mastura ce ta aika a kira Abduljalil. Ta girme shi da kusan shekara goma, jikar Jatau ce, mai gurbin farko, kuma ita kaɗai ta rage da ta san sunayen duka. Ya same ta bayan la'asar a kan bencin ƙofar gidanta, tare da wani mutum mai farar riga da ƙamshin turare. Sunansa Turki, ɗan marigayi Abdulghaffar. A lungun ya tashi, yanzu yana kasuwancin kayan gyaran mota, yana zaune a unguwar Safa a nan Jidda.

"Jalilu, zauna ka ji abin da yaron nan ya zo da shi," in ji ta. "Ni kunnena ya gaji."

Turki ya gaishe shi da ladabi yana kiransa Ammi, wato baffa, ya sumbaci kansa, sannan ya miƙa masa waya. Hoton barrada ce, na'urar sanyaya ruwa irin wadda ake kafawa a ƙofofin masallatai, an kewaye ta da farin marmara, ga allon suna a sama.

"Ammi, wallahi ba ɓarna na zo yi ba. Babana ya bar wasiyya in yi masa sabil a lungun nan, don nan ya sha ruwa yana ɗan dako. Bangon nan ya mutu, kai ma ka gani. A sauke shi, in kafa wannan a wurin. Famfo huɗu, ruwa mai sanyi dare da rana. Randunan nan fa? Kafin azahar sun ƙare. Je ka tambayi masu shara da masu kai abinci a babur wanne suke so."

Abduljalil ya san amsar da masu shara za su bayar.

"Kuma dutse ne, Ammi. Ba ya ji, ba ya gani, ba ya ceton kowa. Mu da ko kabarin iyayenmu ba ma rubuta wa suna, sai mu zo mu riƙe dutse?"

"Kai Turki," in ji Hajiya Mastura, "lokacin da kake yawo a lungun nan ba wando, daga wace randa kake sha?"

"Khala, don Allah," in ji shi. Haka yake kiranta, wato inna.

"Wacce?"

"Ta tsakiya. Ita ce moɗarta ba ta yoyo."

"To, ta Nomau ce. Ka sha ruwan mutum har ka yi gemu, ko sunansa ba ka taɓa tambaya ba."

Turki ya yi dariya, ya ce to ai sai a rubuta sunayen duka a marmara, tare da na babansa, kowa ya karanta. Ta ce kakarta ba marmara ta ɗauko a ka ba. Daga nan suka juyo kan Abduljalil su biyu.

Ya dubi bangon. Abin da ya dame shi shi ne ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sadakar ruwa don mai ƙishirwa ake yinta, kuma mai ƙishirwa yana da rai, yana tsaye a rana. Matattu sun riga sun tafi inda dutse ba ya amfanarsu. In an auna da yawan maƙogwaron da za a jiƙa, Turki ya yi nasara tun kafin ya buɗe baki. Amma akwai wani abu da ba a aunawa da wannan ma'auni. Mata huɗu da ba su mallaki komai ba sai wuyansu sun ba da wuyan, suka bar abin a hannun na baya. Ko amana tana tashi daga wuyan mutum ranar da aka ƙirƙiro abin da ya fi ta amfani? Bai san amsar ba, kuma bai yi kamar ya sani ba.

"Ba ni lokaci zuwa kafin ruwan sama ya sauka," ya ce wa Turki. "In bangon bai tsaya ba, ni da hannuna zan sauke shi in share maka wuri."

"Halas, Ammi. Na yarda."

Ya fara da rataye bangon. Tsofaffin maginan Jidda sukan shimfiɗa katako a cikin gini bayan kowane 'yan layuka na dutse, kuma wanda ya san hanya yana iya tokare katakon nan, bango ya tsaya a kan itace, a zare duwatsun ƙasa a sauya su ba tare da na sama sun motsa ba. Ya tokare, ya jiƙa nura a duro ya bar ta tana nuna, sannan ya shiga ɓamɓare simintin da ƙaramin kurfi, kaɗan-kaɗan, don kada ya tafi da fatar dutse. Duwatsun ƙasa sun lalace, amma wannan bai dame shi ba. Na magini ne, ana sauya su. Fatansa duka yana kan biyar ɗin nan na saman gurabe.

Ranar da ya kai gare su, ya buɗe na Jatau da farko. Daga waje dutsen yana nan da siffarsa, har da sawun gatarin wanda ya sare shi. Ya ɗora yatsa ya danna. Yatsan ya shige kamar a cikin dafaffen rogo. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Duka biyar ɗin gishiri ya cinye su, simintin ne kawai yake riƙe da su a tsaye. Ba ɗaya a cikinsu da zai iya ɗaukar nauyin tubali guda.

Ba kowa a wurin sai shi. Ga sabbin duwatsu a jibge a gefe, irinsu ɗaya, launinsu ɗaya. In ya sa su ya bi da yaɓe, ba idon da zai sake ganin abin da ke ƙarƙashi har ya mutu, har Hajiya Mastura ta mutu. Za ta ci gaba da zuwa tana shafa wurin da hannunta tana jin daɗi, Turki zai haƙura, bango zai tsaya. Wa aka cuta? Tambaya ce mai wuya fiye da yadda take a baki, kuma mutanen kirki da yawa da sun zaɓi yin shiru, su kira shi tausayi. Abduljalil ya zauna a kan bokitinsa har inuwa ta juya. Sannan ya ɓalli ɗan guntu daga dutsen Jatau, ya tafi ya yi sallama a ƙofarta.

Ya zuba mata a tafin hannu. Ta murza, ya zama gari.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Yaya. Duka biyar haka suke."

"Da ka yi shiru mana, Jalilu. Wa ya tambaye ka?"

"Da na yi shiru, da kullum na gan ki kina shafa shi sai in sauya hanya."

"Kai dai tun kana yaro ba ka iya barin mutum ya ji daɗinsa ba." Ta kakkaɓe garin a cikin gefen mayafinta, ta ƙulle. "Ashe yaron nan ya fi mu gaskiya. Kira shi ya kawo na'urarsa. Kwashe sauran ka zubar, kada in gani."

Bai kira Turki ba, bai kuma zubar ba. Ya koma wajen duron nura yana juya ta da sanda, don hannunsa ya sami abin yi. Nura ita ma daga dutsen teku ake samunta, ƙona shi ake yi. Kuma ba a gini da ita ita kaɗai, sai an cuɗa ta da yashi ko garin dutse, sannan ta zama abin da ke riƙe kowane dutse da ɗan'uwansa. Dutsen da ya kasa ɗaukar nauyi a dunƙule, in an daka shi an wanke masa gishiri, yana iya komawa cikin bango ta wannan hanyar. Magina sun san haka tun da, don tsimi suke yi. Ba wanda ya taɓa yi don wani dalili daban.

Da ya koma ya gaya mata, abin da ta fara cewa shi ne, "Ba dai a turmina ba."

"Na ari na dutse a wurin mai kayan yaji. Amma ba ni zan daka ba. Kowane gida ya zo ya daka nasa."

"Su wa? Waɗannan da suka watse? Wasu ko gaisuwar Hausa ba su iya mayarwa."

"Ke dai kira su. Ke ce ba a ƙi."

Wata Juma'a bayan la'asar lungun ya cika da motocin da ba su saba shigarsa ba. Daga Safa aka zo, daga Kurayyat, wata mata ma daga Makka. An shimfiɗa tabarma, an ajiye turmin a tsakiya, Hajiya Mastura na kan kujera kusa da shi. Abduljalil yana zaro dutse ɗaya bayan ɗaya a kan faranti, kamar mai ɗauko jariri. Ita ta fara. Aka riƙe mata taɓarya ta ɗaga sau biyu, ta ce, "Jatau, Allah ya jiƙanka," sannan 'ya'yanta suka karɓa.

Da aka zo na Barmo, wanda ya fito wani ma'aikacin banki ne mai suna Nawaf, mutum mai 'ya'ya uku, yana jin Hausa amma bakinsa ba ya juya ta. Ya riƙe taɓarya kamar za ta cije shi. Ya tambaya da Larabci ko wane ne wannan ɗin a wurinsa.

"Kakan babanka," in ji ta da Hausa. "Gajere ne, mai faɗa, irin ku. Yalla, daka. Ba takarda ba ce, ba ta son lallashi."

Ya daka, farin gari ya tashi ya bi masa riga, matarsa tana ɗauka a waya tana dariya. Ya faɗi sunan a karkace, ta sa shi ya maimaita har ya daidaita. Haka aka yi na Nomau, aka yi na Ilu.

Sai ya rage na Bagobiri. Abduljalil ya sa shi a turmi, ya ɗauki taɓarya. Kowa ya ɗauka shi zai daka, kuma da ya daka ba mai cewa komai. Amma sai ya jingina taɓaryar a bakin turmin, ya ja da baya ya harɗe hannu. Mutane suna duban juna, wasu suna duban agogo. Shi kuwa ko motsi bai yi ba.

Turki yana tsaye a baya, jingine da motarsa. Ya zo ne ya ga ko bangon zai tsaya.

"Khala, wannan ba shi da kowa ne?"

"Mata huɗu suka ɗauko masa dutse, ba tasa ko ɗaya."

"Sunansa fa?"

"Ba mu sani ba. Allah ya sani."

Turki ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga. Ya ratso mutane ya ɗauki taɓaryar. "To me zan ce?"

"Ka ce Bagobiri. Zai gane da shi ake."

Washegari Abduljalil ya jiƙa garin, ya tsiyaye, ya sake jiƙawa, har ya ɗanɗana ya ji gishirin ya fita. Sannan ya juye shi duka a kwaɓi guda. Da Hajiya Mastura ta ji, ta yi masa faɗa sosai. Ita ta so a ware na kakanta a sa a gurbinsa. Ya ce mata garin kowane ɗaya bai isa kwaɓi ba, kuma tare suka fita ɗebo ruwan. Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Ya sassaƙa sabbin duwatsu ya ɗora, ya cike tsakaninsu da wannan kwaɓin, ya yi yaɓe, ya shiga shayarwa safe da yamma. A wajen ɗaga dutsen gurbi na huɗu ne kafaɗar ta ba da wata ƙara. Ya ƙarasa sauran da hannun hagu. Ya zare itatuwan tokare, bangon bai motsa ba. Ruwan sama ya zo a lokacinsa, irin na Jidda da ke mayar da titi kogi, ya wuce ya bar sabilin a tsaye, fari fat.

Kada a ɗauka labarin ya ƙare da Turki ya gane kurensa, don ba shi da kure. Barradarsa tana nan a bakin lungu, da sunan Abdulghaffar a sama, kuma Abduljalil ne ya gina mata dandamali. Masu sha a can sun ninka masu sha a randa, shi kansa Mu'allim in zafi ya yi zafi can yake tsayawa. Maganar rubuta sunaye ma ba ta mutu ba. Turki yana cewa ranar da aka rasa Khala, sunayen za su fara zubewa ɗaya-ɗaya, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Da aka tambayi Abduljalil, cewa ya yi wannan ba aikin magini ba ne, jikokin masu gurabe su zauna su yanke. Badr mai turare ya taɓa tsokanarsa, ya ce to yanzu wannan sabilin matan ne ko nasa ne, tunda duwatsun sababbi ne. Ya ce, "Duk abin da suka ɗauko yana ciki. Nuna shi da yatsa ne ba ka iyawa."

Mu'allim Abduljalil, na Rahma, mai shayar da bango. Kai ne ka sami damar yin ƙaryar da ba mai kama ka, ƙaryar da za a gode maka a kanta, ka ɗebi gaskiya ka zuba wa tsohuwa a tafin hannu, ka tsaya ka sha faɗanta. Kai ne ba ka mayar da mai son kafa barrada abokin gaba ba, don ka ga shi ma ruwa yake son bayarwa. Kai ne ka iya aikin da kanka cikin sa'a guda, amma ka ja da baya ka bar taɓarya a jingine har wanda ya dace ya ɗauka. Gidajen da ka tsayar a garin nan ba su ɗauke da sunanka, masu kwana a cikinsu ba su san fuskarka ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sauƙaƙa maka ciwon kafaɗa, ya shayar da kai ranar da ƙishirwa ta fi ta Jidda.

Sauranmu kuwa, kowa yana da wani tsohon abu da aka bar masa, a unguwarsu ko a garinsu na asali, wanda yake lalacewa a hankali a ƙarƙashin fenti. Ba kowa ne magini ba. Amma kowa yana iya buɗewa ya duba, ya faɗi abin da ya gani, ya kira masu abin su sa hannu, maimakon ya rufe ko ya rushe don a huta.

Mu'allim ya gama nasa. Bango ba ya cika randa, kuma ƙafafun Hajiya Mastura sun daina kai ta tsakiyar lungu. Gidan Jatau suna zuwa, Nawaf yana zuwa in aiki ya bar shi, Turki ya riƙe ta Bagobiri bai taɓa fashi ba. Randar Ilu ce take yawan kwana a bushe, don jikarsa a Makka take. Wanda hanya ta biyo da shi ta Bagdadiyya, akwai famfo a bakin masallacin lungun, akwai bokiti a rataye. Sunan mutumin Ilu.